Jinin Muzurun Yaya

Da safe, kafin ya buɗe shago, Mai Agogo ya durƙusa gaban kwalin da kyanwarsa take kwance, ya sa yatsa ya ɗaga mata leɓe kamar yadda likitar dabbobi ta koya masa. Dasashin mage mai lafiya ja-ja ne. Wannan kuwa fari fat, kamar fuskar agogon bango. Ya saki leɓen, ya goge tabarau da gefen riga, ya sake ɗagawa. Bai canza ba.

"Baƙuwa," ya ce. "Ke Baƙuwa, dube ni mana."

Kunne ɗaya ta motsa. Haƙarƙarinta na hawa da sauka da sauri-sauri kamar wadda ta sha gudu, alhali kwana biyu ke nan ba ta bar kwalin ba sai don fitsari. Ya ciro agogon aljihu ya ƙirga numfashin. Hamsin da huɗu a minti ɗaya. Likita ta ce in ya haura arba'in kada ya tsaya jiran komai.

Daga bayan ƙofar kicin wani kuka ya taso, mai kauri, kukan wanda bai saba jiran abinci ba. Muzurun Yaya ne. Kukan nan ya fi farin dasashin kaɗa masa hanta, kuma shi kaɗai ya san dalili.

Shekara bakwai ke nan da kyanwar ta shigo shagonsa ranar wani ruwan sama, ta haye teburin aiki, ta ratsa tsakanin ƙananan kusoshi ba ta ture ko ɗaya ba, ta kwanta ƙarƙashin fitila. Ya sa mata Baƙuwa don yana zaton gobe za ta kama gabanta. A lokacin bai fi shekara da rasuwar matarsa ba, gidan kuwa ɗaki ɗaya ne da kicin a bayan shago, babu mai motsi a ciki sai agogunan mutane. Ba ta tafi ba.

Wata biyar da suka wuce ta fara rama. Bakinta ya yi gyambo, miyau na dalala, ta daina wanke fuska. Likitar dabbobi, wata mace mai ƙaramar murya wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta ɗebi jininta ta gwada, ta ce kansar jini ce irin ta maguna. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ta karya garkuwar jiki, sai kowace 'yar cuta ta samu ƙofa a buɗe. Abu uku ta ce ya riƙe. Ba ta kama mutum. Ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa. Na ukun sau biyu ta faɗa: a miyau ƙwayar take tafiya, saboda haka kada Baƙuwa ta lashi wata mage, kada su haɗa kwano.

"Ai ita kaɗai gare ni, Likita," ya ce. A ranar gaskiya ya faɗa.

Ya lallaɓa ta kuwa. Ya koyi niƙa ƙwayar magani a cokali, ya koyi ɗura mata ruwa da sirinji ta gefen baki, ya koyi dafa kifi ya zare ƙaya ya marmashe shi har ya zama ba sai an tauna ba. Hannun da ya saba da cikin agogo bai sha wuyar wannan ba.

Sai ga Yaya, mako biyar da suka wuce, da kwando a hannu.

Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana 'yar sha huɗu yana ɗan biyar. Yanzu ya ba sittin baya, gemu ya yi fari, amma har yau Auta take kiransa, har yau kuma in ta ɗaga murya sai ya ji ya miƙe tsaye bai shirya ba. Aikin ido za a yi mata, za ta yi jinya a gidan 'yarta, mijin 'yar kuwa in ya shaƙi gashin mage sai atishawa har ido ya kumbura.

"Auta, ga Gwamna," ta ce, ta dire kwandon a kan teburin aikinsa. "Amana na ba ka. Ba ya tsinana komai sai ci da barci, shi ya sa sunan ya bi shi. Amma tun da maigidan ya rasu shi ke amsa mini magana a gida."

Muzurun ya leƙo, ƙato, ja, kansa kamar ƙwallo.

"Ina 'yar bolar taka? Ban ji motsinta ba."

"Tana ɗaki, Yaya. Barci take."

"Ta yi ta barcinta. Kada dai ta koya masa yawon banza."

Nan ne ya kamata ya faɗa. Har ya buɗe baki. Sai ya ga hannunta na rawa a kan kwandon, ya gane tsoron wuƙar likita take ji, ya ce a ransa ba yau ba. Daga baya, yana sunkuye a kan aiki, ya tara wa shirun nan dalilai har uku: kada ya ƙara mata damuwa, ba ta da inda za ta kai muzurun, kuma shi mutum ne mai tsari, zai raba su. Duk dalilai ne masu kyau. Yawansu ne ya dame shi. Ya daɗe da lura cewa ranar da yake da gaskiya dalili ɗaya yake isarsa. Na ainihin ma bai shiga jerin ba: da ta ji, cewa za ta yi a kai 'yar bolar a yi mata allurar barcin da ba a tashi, shi kuwa bai taɓa ce wa Yaya a'a ba.

Ya raba su. Baƙuwa a ɗaki, Gwamna a kicin, ƙofa a tsakani da sakata. Kwano daban, ruwa daban, kaskon yashi daban. In ya taɓa wannan sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa wancan. Har ya fara yaba wa kansa.

A rana ta uku Baƙuwa ta lashi kifinta sau huɗu ko biyar, bakin ya yi mata zafi, ta kau da kai. Kifin na nan kusan yadda ya zuba, sai ƙyallin miyau a kai. A da yakan rufe ragowar ya sake ba ta da yamma, amma Likita ta hana, ta ce abincin da ya wuni haɗari ne ga mai raunin jiki. Ya ɗauki kwanon ya shiga kicin, ya buɗe kwandon shara, ya tsaya. Hannun ya ƙi juyawa.

A gidan da Yaya ta raine shi ba a zubar da abinci. Shekarun babu ne. In ya rage loma ɗaya takan rufe kwanon ta ajiye, da safe shi zai fara tararwa. "Ba a gidan nan ba, Auta. Sai ka cinye." Ya girma, ya yi aure, ya tsufa, bai taɓa iya kife kwano a shara ba. Ko gutsuren burodi ya gani a hanya sai ya ɗauke ya ɗora a kan katanga.

Gwamna na goga masa jiki a ƙafa yana kuka. Sai ya ɗauki cokali ya kwashe kifin daga kwanon Baƙuwa ya zuba a na Gwamna. Ai Likita cewa ta yi kada su haɗa kwano. Ba su haɗa ba.

Ya san kansa yake yaudara tun cokalin bai sauka ba. Washegari ya rantse ba zai ƙara ba, da yamma ya ƙara. Na farko da faɗuwar gaba ya yi. Zuwa na goma hannun ne kawai ke yi, shi yana kallo. Kullum da tsakar rana kuma sai Yaya ta kira, ta ce a kara wa Gwamna wayar a kunne ta gaishe shi, sannan ta tambaya, "Yana ci dai ko?" Shi kuma ya ce, "Yana ci, Yaya. Har ƙiba ya ƙara."

Abin da ke cikinsa ke nan a safiyar da ya naɗe Baƙuwa a tawul ya fita da ita, shago a kulle.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a ƙasan wani bene, yana warin maganin goge ƙasa da na karnuka. Likita ta ɗaga leɓen ta duba. Ta ɗebi 'yan ɗigon jini ta shiga ciki. Da ta fito sai ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

"Baba, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ɓargon ya daina yi mata sabo. In ba a ƙara mata ba yau ko gobe, ban ga ta kai ƙarshen mako ba."

"A ƙara mata. Ɗebi nawa."

"Na mage sai mage, Baba. Kuma ba mu da shi a ajiye. Sai an samo babba, mai nauyi, mai ƙoshin lafiya, mu ba shi maganin barci mu ɗiba a wuya, in ya dace da nata. Ko an ƙara ba warkewa ba ce, ka sani. Makonni za ta samu, wataƙila watanni. Ka san mai irin wannan magen?"

Ya ji bakinsa ya yi magana kafin ya ba shi izini.

"Akwai muzuru a gida."

"Au, ka ƙara wani? Naka ne?"

"Nawa ne."

"Yana haɗuwa da ita?"

"Ɗaki daban. Kwano daban."

"Madalla. Ya ci wani abu yau?"

"Ban samu na ba shi ba."

"Gara haka, kada ka ba shi. Bar ta nan, je ka kawo shi."

Mai askin da shagonsa ke jingine da nasa yana bakin ƙofa yana kakkaɓe tawul sa'ad da Mai Agogo ya fito da kwandon.

"A'a! Ina za ka da Gwamna? Ko tsige shi aka yi?"

"Asibiti."

"Wannan? Wannan ai asibitin ne zai zo wurinsa neman lafiya. Dubi wuya kamar na ɗan kokawa." Ya sunkuya ya leƙa kwandon. "Ranka ya daɗe, a riƙa tunawa da talakawa." Da ya ɗago sai ya dubi fuskar maƙwabcinsa, dariyar ta ragu. "Yaya ta sani dai ko? Ni ba ruwana, amma matar nan ko da ido ɗaya sai ta hango ka daga can."

"Ta sani."

Ƙarya ta biyu ke nan, rana ba ta ma take ba. Ta fi ta farkon sauƙin fita, wannan kuma ya ƙara tsorata shi.

A cikin mota ya ɗora kwandon a cinya, yana jin ɗumin muzurun ta ƙasa. Ya shiga auna abin kamar yadda ya saba auna komai. Jini kaɗan ne, jiki zai mayar. Gashin wuya zai tsiro kafin idon Yaya ya washe. A wannan gefen rai ne da ya tabbata zai tafi, a wancan kuwa cutarwa ce da mai yiwuwa ma ba za ta auku ba. Duk yadda ya juya, Baƙuwa ke rinjaye. Tambaya ɗaya ce ta ƙi barinsa: wa ya ba shi ikon ɗora abin da ba nasa ba a kan ma'aunin? Gwamna ya miƙo hanci ta ramin kwando ya shinshini yatsansa.

Likita ta ɗora muzurun a sikeli ta yi dariya.

"Kilo shida! Baba, wannan ai rijiya ka kawo mana."

Ta ɗebi jini kaɗan a ƙafar muzurun ta gaba, ta ɗiga a kan wani ɗan falle na roba mai taga a tsakiya, ta ajiye a tebur.

"Minti goma. Layi ɗaya, lafiya. Layi biyu, yana ɗauke da cutar."

"In ɗaya ne shi ke nan?"

"In ba su haɗu ba, shi ke nan. Shi ya sa na tambaye ka. Gwajin nan abin da ya riga ya zauna a jini yake gani. In a 'yan makonnin nan mage ta ɗauka, ba lallai ya nuna ba." Tana magana tana jera sirinji a faranti. "Babban muzuru irin wannan sau da yawa jikinsa yana kokawa da ƙwayar ya kayar da ita. Amma wanda yake tsakiyar kokawar ba na sa shi barci in ɗebe masa jini. Ka ga mutum yana faɗa, sai ka je ka riƙe masa hannu? To, amma wannan bai shafe mu ba."

Ta shiga ɗaki na biyu duba Baƙuwa, ta bar shi da fallen robar.

Agogon bangon asibitin yana baya da minti biyu, ya lura tun zuwansa na farko. Ya ciro nasa ya ajiye kusa da fallen. Jan ruwan ya fara rarrafe cikin tagar a hankali. Ya so ya yi addu'a, sai ya rasa me zai roƙa. In layi biyu ya fito, magana ta ƙare ba sai ya buɗe baki ba, amma ya kashe wa Yaya abokin hira da cokalinsa. In ɗaya ya fito, babu mai tsayar da Likita sai shi. Ya tarar wani ɓangare na zuciyarsa yana fatan biyun, don kawai a ɗauke masa zaɓin, sai ya ji ƙyamar kansa.

Minti huɗu. Layi ɗaya ya bayyana, siriri, ya yi ta ƙara duhu. Ya ƙura wa gurbin na biyun ido har hawaye ya taru. Minti bakwai, ya ga kamar inuwa, ya goge tabarau, babu komai. Daga ɗaki na biyu ba ya jin ko motsin Baƙuwa.

"Ɗaya ne," in ji Likita a bayansa. "Alhamdulillahi. Jinin ma ya dace da nata. Riƙe mini shi, Baba, in aske wuyan kafin allurar."

Ya riƙe. Muzurun bai yi gardama ba. Mako biyar hannun nan ke ba shi abinci, me zai tsorata? Ya ɗaga haɓa da kansa yana gurnanin jin daɗi. Likita ta kunna injin aski, ƙarar ta cika ɗakin, jan gashi ya fara zuba a kan tebur. Daidai nan wayar da ke aljihun Mai Agogo ta ɗauki ruri. Ba sai ya duba ba. Tsakar rana ta yi.

Gwamna ya san ƙarar. Ya juya kai wajen aljihun ya yi kuka, irin wanda yake yi in an kara masa wayar.

"Likita, dakata."

"Kada ka damu, ba ya jin zafi."

"Dakata, don Allah. Ba nawa ba ne."

Ta kashe injin. Wayar ta yi ta ruri har ta gaji.

"Na yayata ne, amana ta ba ni, ba ta san na kawo shi ba." Ya gyara riƙon muzurun. "Kuma ba shi ke nan ba. Ragowar abincin Baƙuwa, wanda ta lasa ta bari, shi nake ba shi."

Likita ta ajiye injin a hankali.

"Sau nawa?"

"Safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"Kwana talatin da biyu. Na ƙarshe jiya da yamma."

"Baba, ban faɗa maka ba? Sau biyu na faɗa maka."

"Kin faɗa."

"To me ya sa?"

"Ban iya zubar da abinci ba."

Ta dube shi kamar tana jiran sauran bayanin. Babu saura. Ta sauke numfashi, ta shafa inda ta aske a wuyan muzurun, ta mayar da sirinjin cikin faranti ɗaya bayan ɗaya.

"Ba zan ɗiba ba."

"Ko yayata ta yarda?"

"Ko ta zo da kanta. Daga yau ko ƙamshin kwanonta kada ya ji. Bayan kwana talatin ka dawo da shi mu sake gwadawa, sannan ne za mu san inda muke. Kafin nan ba ni da abin da zan ce maka, mai daɗi ko marar daɗi."

"Baƙuwa fa?"

"Zan yi mata allurai, in ƙara mata ruwa, ka tafi da ita gida ka sa ta a ɗumi. Akwai mutum biyu da zan kira ko za su ba da nasu. Ban yi maka alkawari ba." Ta juya za ta shiga ciki, sai ta tsaya. "Da ka yi shiru da ban taɓa sani ba. Ban ce wannan ya wanke ka ba."

A kan bencin waje ya kira Yaya, kwando a dama, kwali a hagu. Ya faɗa mata duka, a jere, kamar mai karanta takarda, don ya san in ya tsaya ba zai iya ci gaba ba. Ya gama. Yana jin numfashinta. Can ta kashe wayar.

Washegari da la'asar mota ta tsaya a ƙofar shago. 'Yar Yaya ce ta fara fitowa.

"Kawu, ga ta nan. Likitan ido ya ce kada ta shiga rana, ni dai na kasa hana ta."

Yaya ta fito da baƙin tabarau da sanda, ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ta wuce kicin da lalube, ta zauna a kujera, Gwamna ya haye cinyarta yana kuka. Yatsunta suka bi bayansa, suka bi kunnuwa, suka sauka wuya, suka tsaya a kan askin. Sun daɗe a wurin.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kwana talatin da biyu kana ce mini yana ci."

"Yaya, ai..."

"Rufe mini baki. Da ka faɗa mini ranar da na kawo shi, da gidan ƙawata na kai shi. Da yanzu jininsa fes yake. Da jiya kira kawai za ka yi ka roƙa."

"Da kin ba ni?"

"Da na zage ka tas, sannan in ba ka."

Ya jingina da bango. Duk aune-aunen da ya yi, a mota da gaban agogo, wannan bai taɓa shiga ciki ba.

"Na ɗauka cewa za ki yi a kashe ta."

"Da na faɗa mana! Ni me ba na faɗa? Kai ba ka da bakin cewa a'a ne? Gemu fari fat, har yau sai dai ka ɓoye abu a bayan ƙofa kamar ranar da ka fasa tulun gida." Ta ture muzurun ta miƙe. "Kai ni in ga 'yar bolar."

Ya sa ta ta wanke hannu, ya ja sakata, suka shiga ɗaki. Baƙuwa na kwance a kan tawul da kwalbar ruwan ɗumi a gefe. Numfashin ya ɗan lafa bayan alluran, dasashin yana nan fari. Mutum biyun da Likita ta kira, ɗaya ya ƙi, ɗaya bai ɗaga ba. Yaya ta sunkuya da ƙyar ta ɗora hannu a haƙarƙarin kyanwar.

"Innalillahi. Wannan ai ƙashi ne da fata. Me take ci?"

Ya kawo kifin da ya marmasa, ya kai mata baki a bakin cokali. Ta lasa sau biyu. Ya jira, ya sake kaiwa, ta lasa sau ɗaya ta rufe ido. A bayan ƙofa Gwamna ya ji ƙarar cokali a kwano, ya fara kuka yana kartar katako, don ya san abin da ke biyo bayan ƙarar nan.

Mai Agogo ya ɗauki kwanon ya fita ta ƙofar shago, zuwa babban kwandon sharar da ke bakin titi. Ya buɗe murfin. Kifi mai kyau, dafaffe, ko sanyi bai gama yi ba. Hannun ya sake ƙi. Bai san Yaya ta biyo shi ba sai da ya ji sandarta.

"Nawa ya rage?"

"Kusan duka, Yaya."

Ya ga bakinta ya motsa, ya ga yatsunta sun damƙe kan sandar. Shekara hamsin da biyar bai taɓa jin kalmar nan daga bakinta ba.

"Zubar."

Ya kife kwanon. Ya tsaya yana kallon kifin a kan shara.

"Ka wanke shi da tafasasshen ruwa, ka wanke hannunka, sannan ka zo ka ba Gwamna nasa sabo. Saura kwana nawa ta ce?"

"Ashirin da tara."

"Zan zauna a nan in ƙirga su da kaina, ban yarda da kai ba. In layi biyu ya fito, Auta, ban san me zan yi maka ba. Kada ka tambaye ni yanzu."

"To, Yaya."

Da suka koma ciki ta sa 'yarta ta nemo mata lamba a waya. Ƙawar nan tata, mai gidan burodi, tana da wani baƙin muzuru da ya fi Gwamna girma, ba ya fita ko ƙofa. Ta miƙa wa ƙaninta wayar.

"Kai za ka yi magana, ba ni ba. Ka faɗa mata maganin barcin, ka faɗa mata askin wuya, ka faɗa mata ba warkewa za ta yi ba. Ka faɗa mata abin da ka yi wa nawa. In ta ce a'a, a'a ce."

"Har abin da na yi wa Gwamna?"

"Da shi za ka fara."

Wayar ta yi ruri sau huɗu. A ɗaki Baƙuwa ta yi wani ɗan tari. Aka ɗaga.

"Salamu alaikum," ya ce. "Ƙanin ƙawarki ne, mai gyaran agogo. Alfarma zan roƙa, amma kada ki amsa sai kin ji duka."